Kajin Inuwa a Gidan Rairayi

Tun yana saurayi Inuwa ya baro Kano ya zauna a Yerwa yana dukanci. Jaka, kube, takalmi na jar fata, babu abin da bai ɗinka ba. A shekarar da ake shimfiɗa layin dogo zuwa garin, zazzaɓi ya kwantar da shi, da ya tashi kuma sai hannunsa na dama ya kama rawa. Basilla ta ƙi shiga inda ya nufa. Ranar da ya ɓata wa wani ɗan Shuwa fatar sirdi, ya tattara kayan aikinsa ya dawo gida.

Zaman bai karɓe shi ba. Wata safiya ya tafi kasuwar Gamboru ya tsaya gaban wani mai sayar da kaji, Dzarma, mutumin Biu. Ya zaɓi kaji huɗu da zakara.

Dzarma yana ɗaure musu ƙafa ya ce, "Baba, kajin nan na ƙasarmu ne, a cikin ciyawa suka tashi. Gidanka akwai ciyawa?"

"Akwai fili dai."

"To, Allah ya sa su yarda da shi."

Filin kuwa farin rairayi ne tun daga zaure har bakin madafa, ko tsinke bai taɓa tsirowa a kai ba. Matarsa Saude tana share shi safe da yamma, har sai sawun tsintsiya ya fito a jere. Da ta ga abin da ya sauke, sai ta riƙe haɓa.

"Malam, me za su ci a nan? Rairayi?"

"Dusa."

"Kashinsu fa, wa zai kwashe?"

"Ni," in ji shi.

Ya kuwa riƙa kwashewa. Amma bazara ce, kafin azahar ƙasar ta zama kamar kaskon tuya. Kajin suka dinga tsayuwa a gindin katanga baki buɗe, fukafukai a sake, suna ɗaga ƙafa ɗaya suna sauke ɗaya. Wata ja a cikinsu ta kwanta ba ta tashi ba. Sauran suka fara fige gashin junansu. Ɗaya ta saka ƙwai mai laushin ɓawo, kafin Inuwa ya kai hannu sun fasa sun shanye.

Saude ta ce, "Yanka su za ka yi tun suna da sauran nama."

"Ba zan yanka ba. Ni na kawo su inda babu komai, ni zan samar musu."

Ya kafa rumfar zana a kusurwar gabas. Ya binne tsohon tulu har wuya don ruwan shansu ya yi sanyi. Daga nan ya shuka gero a gefen rumfar, yana so su sami ɗanyen abu. Kajin suka tone irin tas a yini guda. Ya sake shukawa, ya kewaye da ƙaya. Geron ya tsiro, rana ta ƙone shi. Sai ya mai da shukar inda inuwar ɗaki ke sauka da rana tsaka, ya koma yin alwala a kanta, ya kuma roƙi Saude ta daina zubar da ruwan wankin hatsi a lungu. Wannan karon ya yi kore shar. Amma da ya janye ƙayar, kajin suka tuge shi har saiwa.

Yana tsugune yana kallon ramukan da suka bari, maƙwabciyarsu Ya Kaltum ta shigo aron turmi. Tsohuwa ce Babarbariya, Hausarta tana fita da nauyin harshensu.

"Wushe, sannu, Malam Inuwa. Kaza ba akuya ba ce, ganye kaɗai ba ya riƙe ta. Gara take so. Ka sami tukunya, ka cusa busasshen kashin shanu da kara, ka yayyafa ruwa, ka kife inda gara take. Da safe ka ɗaga."

Saude ta leƙo daga madafa. "Ba dai a gidan nan ba, Ya Kaltum. Ta gama da tukunya ta hau mana azara?"

Inuwa bai yi musu ba, don ya san gaskiyarta. Ya tara fasassun tukwane ya kai su can bayan gari, wajen bakin kogin Ngadda, inda ya ga shuri, ya kife su. Kullum bayan sallar asuba sai ya kama hanya da buhu. Tafiya ce mai nisa ga wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba, kuma ba kullum ake dacewa ba; wata ranar ya tarar awaki sun ture tukwanen, wata ranar ba komai a ciki sai tururuwa. In an dace kuwa, yana zazzage buhun kajin za su yi ca a kai. A hankali figar gashin ta tsaya, tukkun zakaran ya sake yin ja.

Saura maganar ganye. Ya yi ta juya ta a ransa, har ya tuna da buhun guntayen fata da ya dawo da shi daga rumfar aikinsa. In ya yi raga ya ɗora a kan shukar, tsayin tafin hannu daga ƙasa, kaji za su ci abin da ya leƙo sama, saiwar ta tsira. Ɗinki ya fi ƙarfinsa yanzu, amma ƙulli bai gagare shi ba.

Ya zauna a bakin ɗaki ya ɗauki wuƙa zai yanka fatar siriri-siriri. Wuƙar ta karkace. Ya sake, ta sake karkacewa, ta ɗan taɓa masa yatsa. Ya tsotse jinin ya ɗauko wani guntun. Saude tana tsince shinkafa tana kallonsa ta gefen ido. Can ta ajiye faifan, ta zo ta zauna kusa da shi ta miƙa hannu.

"Kawo, Malam. Nuna mini faɗin da kake so."

Ya nuna mata da farce. Tana yankawa yana ƙullawa a jikin itacen da ya haɗa, har aka kira la'asar. Ragar ba ta yi kyau ba, wani ramin ya fi wani faɗi, amma da geron ya taso ta cikinta kajin suka yi ta tsattsaga, saiwar tana nan a ƙasa. Ya yi raga ta biyu, don ɗaya ta huta ana cin ɗaya.

Kafin ruwan farko, wata kaza wake-wake ta kwanta a kan ƙwai tara, ta ƙyanƙyashe shida. Saude da kanta ta niƙa musu tsaki.

Ranar da uwar ta fara fito da su tsakar gida, Inuwa yana tsaye a wurin, shirwa ta sauko ta sure ɗaya a kan idonsa. Ya yi ihu, ya jefa takalminsa sama, ta riga ta haye katanga. A fili irin wannan ɗan tsako ba shi da inda zai ɓuya.

Ya kife sauran biyar da kwando, ya danne da dutse. Ya daɗe yana duban tsakanin rumfar da bangon ɗaki.

"Saude, daga nan zuwa can zan rufe da raga. Fatar da ta rage ba za ta isa ba."

"Majema ba sa rasa guntaye," ta ce. "Je ka tambaya, ni zan zauna da su."

Ya zagaya bayan katanga ya ɗauko takalminsa, ya kakkaɓe rairayin, ya nufi unguwar majema.