Rediyon Mai Burodi

Ranar da kogi ya haura gada, wayoyi suka ɗauke gaba ɗaya, sai gari ya tuna da ƙungiyar masu rediyon oba-oba, dattawan nan da ake yi wa dariya saboda eriyoyin da suka kakkafa a rufin gidajensu. Mai Agogo ne shugabansu. Rediyonsa ya fi na kowa ƙarfi, kuma ko ba a tambaye shi ba sai ya faɗa.

Shi ya koya musu ƙa'idar aikin. Layin ɗaya ne, muddin ka danna maɓalli kana magana ba ka jin kowa, kuma babban rediyo yana rufe muryar ƙarami. Ka faɗi abin da ya kawo ka, ka saki.

Tun safe yana shagonsa yana tura kwalekwale inda aka kira. Da rana aka ce ruwa ya shiga asibitin da autarsa take aiki. Nan ƙa'ida ta fice masa daga kai. Ya danna, ya kira, ya sake kira, yana roƙonta ta amsa, yatsansa ya ƙi ɗagawa. Da ƙyar ya saki, sai ga muryarta.

"Baba, muna bene, lafiya lau muke. Ka bar layin mana."

Ya yi hamdala har da hawaye.

Washegari Malama, sakatariyar ƙungiyar, ta zo shagon. Ko zama ba ta yi ba.

"Shugaba, jiya da kake kiran Auta, akwai murya a ƙarƙashin taka. Daga gidana na riƙa jinta tana tsinkewa. Mai Burodi ne da ƙaramin rediyon nan nasa, yana neman kwalekwale a ɗauki mahaifinsa. Kafin ka saki, batirinsa ya mutu."

Mai Agogo ya riga ya ji labarin tsohon. Ba ya iya tafiya, ɗansa ya goya shi cikin ruwa har ƙirji, igiyar ruwa ta raba su. Yanzu ne ya san inda hannunsa ya shiga.

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa. Wannan kayanka ne, ba nawa ba."

Kunya ta hana shi zuwa gaisuwar rasuwar. Ya ce ciwon baya ne, ya zauna yana kwance agogon da lafiyarsa ƙalau yana mayarwa. Abinci ma sai dai ya jujjuya cokali.

Bayan kwanaki, Mai Burodi ya shigo da kansa, ya rame, riƙe da ɗan rediyonsa da aka ɗaure da roba. Ya ajiye shi a kan gilashin tebur.

"Yaya, ka sha gaya mini wannan abin wasan yara ne, na ƙi ji. Na yi ta kira, ko mutum ɗaya bai ji ni ba. Rowata ce ta kashe Baba."

Mai Agogo ya buɗe baki. Gaskiyar gajeriya ce, amma sai ya rufe shi, ya jawo ɗan rediyon yana jujjuyawa.

"Ka raka ni in sayi irin naka," in ji Mai Burodi. "Kai kaɗai na yarda da kai."

Mai Agogo ya ɗauki hularsa, ya ja ƙofar shagon. Har suka kai bakin titi Mai Burodi yana yi masa godiya.