Shanun Abba Gana

"Ba zan faɗa ba, Alhaji."

Rauda ba ta ɗaga murya ba, amma sai da maganar ta cika ɗakin adana kayan tarihin. Misbahu mai ɗaukar bidiyo ya sauke kyamara. A gaban ƙoren nono da akusan da aka jera cikin gilashi, mahaifinta Abba Gana yana tsaye da malafa a ka da sandar kiwo a kafaɗa, waɗanda aka aro masa daga jikin bango. Malafar ta yi masa yawa, ta kusa rufe masa ido.

"Me kika ce?" in ji Alhaji Safiyanu, murmushin ɗaukar hoto bai gama barin fuskarsa ba.

"Baba bai taɓa mallakar saniya ba. Kifi yake sayarwa."

* * *

Tun safe ake yawo da su. Alhaji Safiyanu yana da gidauniyar tallafa wa 'yan gudun hijira, kuma shi ya ba su ciki da falo a bayan gidansa na Arawa tun zuwansu daga Barno. Shi ya aiko cewa yau ranar iyali ce, za a nuna musu Gombe. Mahaifiyarta Ya Fanna ta turara lafayarta tun asuba, tana ta zumuɗi kamar yarinya.

An kai su ƙofar fada, an kai su filin wasa, an kai su wurin lilon yara alhali babu yaro a cikinsu. Ko'ina sai a ce su tsaya, su ɗaga kai, su yi mamaki. In mamakin bai fito ba a sake. An ba su lemo an ce kada su buɗe sai an ɗauka, har ya ɗumame a hannunsu. Kafin azahar ƙafafun Ya Fanna sun kumbura, ta daina tambayar sunayen wurare.

Rauda ta jure duka. Hausar Baba ba ta wuce ta ciniki ba, don haka ita da take jami'a aka sa ta zama tafinta. Da aka kunna kyamara a gaban ƙoren nan, Baba ya yi magana da Barbarci, a hankali. Ya faɗi bakin tafki, da hayaƙin banda da yake kwana a jikin riga, da motocin da yake lodawa zuwa kudu. Rauda ta ga kafaɗunsa sun miƙe, rabon da ta ga haka har ta manta. Ta buɗe baki za ta fassara ke nan Alhaji ya tare ta: wai ta ce garken shanu guda aka kore masa, ya bi sawunsu har ƙafarsa ta fashe.

* * *

"Ke 'yar boko, saurara," Alhaji ya rage murya. "Nan Gombe ce. Masu ba da taimakon nan kowa kakansa ya yi kiwo. Ki ce shanu, su ji a ƙirjinsu. Wa kika taɓa gani yana kukan kifi?"

Misbahu ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye.

"Abin da ya faɗa zan fassara, Alhaji. Shi ma asara ce."

"To. Ɗakin da kuke ciki ma akwai masu jira. Masu godiya."

Wannan kam Baba ya gane. Ya matso, ya yi mata magana da yarensu.

"Faɗi abin da yake so, 'yata. Damina ta kusa. Ina zan kai uwarki?"

Da zagi ya yi mata da ya fi sauƙi. Ta kalli Ya Fanna da ta zauna a kan bencin mai gadi ta tuɓe takalmi tana matsa diddige. Kalmar guda ce, shanu, kuma ga ta a kan harshenta. Sai dai gida ya tafi, kasuwa ta tafi, abin da ya rage wa tsohon nan shi ne labarinsa, shi ma ga shi ana so ta miƙa da bakinta.

Ta sa hannu ta cire malafar daga kansa, ta mayar jikin ƙusarta.

"Ka yafe mini, Baba."

* * *

Motar Alhaji ta tafi ba su. A keke suka koma. Kafin Juma'a an sauya kwaɗon ɗakin.

Yanzu suna Nasarawo, a wani kango da ba a gama rufinsa ba. Ruwan farko ya same su a can. Rauda ta ajiye karatu, tana sayar da awara a bakin titi. Ya Fanna tana tari. Baba bai yi mata faɗa ba, bai kuma ƙara yi mata hira ba. In ta ajiye masa abinci sai ya ce an gode, yadda ake ce wa baƙo.

Ba ta yi ƙarya ba. Ta rasa ɗaki, ta rasa makaranta, ta rasa hirar mahaifinta, kuma kullum da safe ita take kwashe ruwan da ya kwana a gefen tabarmarsa.