Gwabar Alkawari

Margaret ta buɗe kwando ta ga wayam, nan take ranta ya ɓaci. Gwabar da ta ajiye a ciki 'yar fari ce ta bishiyar da ta dasa a Kwadon, kuma ta keɓe ta ne don ranar godiya a coci. Alkawari ta yi wa Allah za ta kai ta gaban bagade, Shi kuma Ya buɗe bakin 'yarta Jennifer, wadda ta shekara huɗu ba ta taɓa cewa ko Mama ba. Maƙwabciya ce ta ce ta ga yarinyar tana cusa gwabar a jakar makaranta.

Ko ɗankwali ba ta gyara ba ta hau keke napep zuwa makarantar a Barunde, tana tafe tana cika tana batsewa.

Abin da ta tarar a aji ya fi ƙarfin haƙuri. An tsaga gwabarta gida biyu, an tsoma a jan fenti, yara sai dangwala ta suke a takarda. Malamar, Anti Theodora, ta fara bayani wai ita ta ce kowa ya zo da ɗan itace, lemo na sautin l, abarba na a. Margaret ba ta bari ta kai aya ba. Ta wanke ta tas, ta ce a gidansu ko ƙwayar dawa ba a takawa, balle abin da aka yi wa Allah alkawarinsa. Yau ɗin nan za ta cire 'yarta daga makarantar.

Ta fizgo hannun Jennifer. Yarinyar ta turje, ta danna gwabar a takarda, ta ce, "G. G. Gaba."

Margaret ta tsaya kamar an dasa ta.

"Gwaba take nufi, Maman Jennifer," in ji malamar a hankali. "Ai ta kwana biyu tana yi mana sauti a aji."

"Kuma ba ki faɗa mini ba?"

Theodora ta ce ta ɗauka a gida ma tana yi.

Wannan ya fi asarar gwabar yi mata ciwo, a ce bare ce ta riga ta jin muryar 'yarta. Ta ƙwace takardar ta fita, ko sallama babu.

Ranar Lahadi mata suka jera doya da kaji gaban bagade. Margaret ta ajiye takardar mai jan dangwale a tsakiyarsu, ta juyo tana hararar jama'a, tana jiran ta ga wanda zai yi dariya.