Tsayuwa Arba'in ta Malam Na'Allah

Ni dai ban taɓa ganin karatun da ke zaunar da mutum ba sai wanda Nasiruddeen ya kawo muna Kamarawa. Ɗan yayana ne, malamin kimiyya a Sakkwato. Ya zo hutu da wata kyamara mai walƙiya, kafin ka ƙifta ido ta ɗauki hoto arba'in. Wai bincike yake, ya gano ko tafiya a haɗe take, ko kuwa guntu-guntu ce ido bai gani.

Duk garin nan ya rasa wanda zai yi gwaji da shi sai mijina, Malam Na'Allah. Ya sa shi ya yi taku ɗaya cikin zaure, abin na ta wal-wal. Suka zauna duban hotuna. Na farko Malam na tsaye. Na biyu yana tsaye. Har na arba'in yana tsaye, ƙafa ɗaya sama kamar zakaran da ya taka ruwa.

"To ina tafiyar?" in ji Malam.

"Ita muke nema, Baba."

"Watau shekara sittin ina tsaye, ni ina zaton tafiya nike?"

Ranar kuwa ruwan shuka ya sauka. Gari na wayewa kowa ya saɓa sungumi, Malam ya shimfiɗa buzu gindin dogonyaro.

Na ce, "Malam, gona fa?"

"Tunda tafiya tsayuwa ce, za ni tsaya nan har in isa."

Wallahi raina ya ɓaci, kuma na tsorata. Gonarmu jigawa ce, danshinta kwana biyu ne. Wanda bai zuba gero cikinsu ba sai ya jira ruwan da ba a san ranarsa ba, ga rumbunmu ya kai ƙasa. Na aje masa tuwo taku goma daga buzu, ko yunwa za ta tashe shi. Ya ce a bar tuwon ya yi tasa tsayuwar, za su haɗu. Kafin la'asar Hussaini mai kabu-kabu ya jingine babur ya zauna kusa da shi, wai shi ma garin Isa za shi.

Washegari na ɗauki sungumi da ƙoƙon iri. Na ce wa Nasiruddeen, "Kai da ka ɗaure min miji, biyo ni da tsiyar taka."

"Gwaggo, ni ban ce..."

"Biyo ni."

In sara, in aje sungumi, in zuba iri, in take da diddige. Aikin mutum biyu, ga gwiwata da ta daɗe ba ta jin magana. Har azahar ban ci kashi ɗaya cikin biyar ba, ƙasa kuma ta fara fari. Shi ko yana durƙushe gabana yana wal-wal.

Da muka dawo ya miƙa wa Malam kyamarar. Malam na turawa da yatsa, yana kallon hotunana yana murmushi.

"Kun gani? Inno ma tsaye take."

Ya kai na arba'in, yatsan ya tsaya. Ga ni duƙe, ga ɗigo guda rataye a iska, tsakanin haɓata da ƙasa.

"Wanga fa?"

"Zufa ce, Baba."

Ni na san ba zufa ba ce.

Malam ya tura, ya sake turawa, babu wani hoto a gaba. Ya ce, "Ta kai ƙasa?"

"Hoton nan ya ƙare," in ji Nasiruddeen.

Na ce, "A karatunku ai ba ta kai ba. Tana can rataye."

Ya daɗe yana kallon ɗigon. Sannan ya dafa ƙasa ya miƙe, ya karɓe sungumin daga kafaɗata, bai dube ni ba.

"Za ni in gani," ya ce.

Na bi shi da ƙoƙon iri. Bai tsaya ba sai magariba.