Haƙorin Makka

Da Dakta Nusaiba ta danna dasashin da ɗan ƙarfe, mugunya ta fito daga gindin haƙorin zinariyar. Hajiya Salamatu ta damƙe hannun kujera.

"Tun yaushe yake wari, Hajiya?"

"Tun bayan ƙaramar Sallah. Jikokina ne suka fara faɗa. Yaran yanzu ba kunya."

Nusaiba ta ɗaga hoton ƙashin zuwa hasken taga. Wata goma sha huɗu da suka wuce, a wannan ɗakin na Tarauni, ita ce ta dasa wa Hajiya ƙarfe a muƙamuƙi bayan haƙorinta na gaba ya karye. Yanzu ƙashin da ke riƙe da ƙarfen ya fara zaizayewa.

Ta san dalili. A lokacin ta so ta sa haƙorin da ake ɗaurewa da sukuru, wanda ake kwancewa a wanke. Hajiya kuwa ta zo daga Gyaɗi-Gyaɗi da tsohuwar hular zinariyarta ta haƙori a ƙulle cikin hankici, wadda aka sa mata a Makka shekarar da ta sauke farali tare da marigayi Alhaji. Ita take so a mayar. Hular ba ta da ramin sukuru, sai dai a liƙa ta da simintin haƙori. Cikin turakun da ake ɗaurewa a kan ƙarfen don su riƙe hula, ɗaya ne kawai ya shige ta, kuma kafaɗarsa tana nutsewa can ƙarƙashin dasashi, inda ido ba ya gani. Simintin da ya tsattsafo a wurin ba ya goguwa. Nusaiba ta san haka. Amma Hajiya aminiyar mahaifiyarta ce, ita ta yi mata wankan jariri. Sai ta liƙa.

"Siminti ne ya maƙale a ƙasa, shi yake cin ƙashin," in ji ta. "Laifina ne."

"Laifinki kamar yaya?"

"Na san turken bai dace ba. Ban iya ce miki a'a ba."

Hajiya ta kalle ta. "Duk karatun da kika je kika yi a ƙasar sanyi, ba su koya miki a'a ba?"

"Dole in huda zinariyar in kai ga sukurun da ke riƙe turken. In ƙarfen ya motsa, gaba ɗaya za a cire."

"In kuma na tashi na tari adaidaita na koma gida?"

"Zai faɗo da kansa, da ƙashin."

Fanka tana juyawa a sama. Hajiya ta shafi zinariyar da harshe, sannan ta kwantar da kai ta buɗe baki.

Bayan allura, injin haƙori ya huda zinariyar cikin minti biyu. Sukurun ya ƙi juyawa. Zufa ta jiƙa Nusaiba cikin safar hannu. Ta sake gwadawa a hankali, ya saki. Hula da turke suka fito tare. A gindin kafaɗar ga simintin nan, toka-toka, bai kai ƙwayar gero ba.

Ta wanke wurin. Ta kama ƙarfen da ke cikin ƙashi, ta tura shi gaba, ta tura baya.

Bai motsa ba.

"Ya tsaya, Hajiya."

"Alhamdu lillahi." Leɓen Hajiya ya yi nauyi da allura. Ta karɓi hular, ta juya ta a tafin hannu. "Ramin ɗan ƙarami ne. Maƙerin zinariya zai toshe shi. In wurin ya warke sai ki mayar mini."

Nusaiba ta cire safar hannu ɗaya, ta cire ɗayar.

"A'a, Hajiya."

"Me kika ce, 'yar nan?"

"Na ce a'a. Fari zan sa miki, mai sukuru."

Hajiya ta laluba jaka ta ciro hankicin. Ta ƙulle zinariyar a ciki, ƙulli biyu.

"To wace rana zan dawo?"