Gwaggo Zeinabu Ba Ta Yawo

Filin bayan unguwarmu na Alhaji Maigandi ne, kuma masu manyan motocin da ke jiran ƙetara gada zuwa Gaya suna son hayarsa. Wata ƙungiyar lafiya ta ce za ta riga su biya, in har aka nuna mata cewa masu tafiya a filin suna rage kuɗin magani. Ni aka ba lissafin, tunda abin da na karanto ke nan a waje.

Aikin ba wuya. A san masu hawan jini da ciwon suga nawa ke zagaya filin, a san abin da suke kashewa a kantin magani da can da kuma yanzu. Tambayoyin da Faransanci suka zo. Abdurazak, ma'aikacin ƙungiyar, ya mai da su Hausa, ya bi gida gida.

Sakamakon ya nuna maza kaɗan, mace ko ɗaya babu. Da wannan adadi, filin zai tafi hannun masu motoci.

Amma na san gwaggona Zeinabu. Tun da likita ya ce jininta ya hau, kullum bayan asuba tana filin da ƙawayenta, kuma an rage mata ƙwayoyin da take sha. In motoci suka shiga, ba ta da wurin zuwa sai bakin titi. Na same ta tana yanka albasa.

"Gwaggo, an ce kin ce ba ki zuwa filin."

"Wa ya ce? Yaron nan mai tabarau cewa ya yi, wai Hajiya kina yawo? Ni! Da jikokina! Don dai baƙo na, da ya sha muciya."

"To mi kuke yi can da sahe?"

"Miƙe ƙahwa muke. Yawo sai marasa mahwaɗi. Kai ma turancin ya cinye maka kunne?"

Na karɓi tambayoyin, na soke kalma ɗaya, na sa "miƙe ƙafa" a gurbinta. Abdurazak ya sake zagayawa, wannan karon yana tsayawa nesa da madafa. Mata suka fito da yawa, har da uwargidan Alhaji Maigandi. Na haɗa kuɗin ƙwayoyi da na kabu-kabu zuwa asibiti da suka daina kashewa, na rage kashi ɗaya cikin uku don kada a ce na zuzuta.

Abin da ya rage ya isa hayar rabin fili, shi ƙungiyar ta biya. Ɗaya rabin kuwa masu motoci suka samu, aka ja waya a tsakani.

Yanzu Gwaggo tana ninka zagaye, tana zagin hayaƙi. Ranar da aka kafa allo a bakin filin, da rubutun Faransanci, ta tsaya gabansa.

"Ɗan nan, mi anka rubuta?"

Kalmar nan ce dai da Abdurazak ya fassara da "yawo".

"Wurin miƙe ƙahwa," na ce.

Ta gyara mayafi ta shiga.