Floarea a Baranda

Saura kwana uku Kirsimeti, Floarea ta lura rassan brad, wato bishiyar Kirsimeti, da ta ƙawata falo da su sun fara zubar da ganye. Zafin hita ne ke busar da su. Shekara da shekaru dabararta ɗaya ce: ta fitar da su baranda su sha sanyi, ta fesa musu ruwa, ta maido su shar da su.

Da hantsi ta ɗora tukunyar sarmale, naɗin kabeji da nama, a wuta, ta ba jikarta Ilinca 'yar shekara biyu biskit, ta kwashi rassan da kwalbar feshi ta fita daga ita sai rigar gida da silifas. Tana cikin feshi ta ji ƙaras a bayanta. Ilinca ce ta turo ƙofar gilashin, ta rataya a mariƙin har ya juya. Ƙofar kuwa ba ta buɗuwa ta waje.

"Ilinca, 'yar albarka, ɗaga wannan abin sama. Sama, uwata."

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya ta juya. Floarea na kallo ta kama 'yar kujerarta tana ja, ta nufi kicin inda tukunya ke tafasa.

Floarea ta doki gilashin da tukunyar fure, ko tsagewa bai yi ba. Ta leƙa ƙasa daga hawa na shida ta ƙwala ihu, amma kowa ya rufe tagarsa. Ƙafafunta sun daina jin komai saboda sanyi.

"Ilinca! Zo ki ga mage!"

Ta fesa ruwa a gilashin, ta zana kunnuwa biyu da yatsa. Yarinyar ta tsaya, ta saki kujerar, ta dawo ta manna hanci.

"Kaka, ƙara wata!"

Floarea ta zana wata magen. Da ɗaya hannun ta riƙa jefa rassan ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Na biyar ya faɗa kusa da maƙwabciyarta Rodica, wadda ta fito kakkaɓe darduma.

"Ke tsohuwa, kin haukace ne? Kashe ni za ki yi?"

"Makullina na wajenki! Yi gudu, Rodica, yarinya na ciki, wuta na kunne!"

Lif ya lalace, sai matakala Rodica ta bi. Kafin ta iso ruwan kwalbar ya ƙare, Floarea na hura numfashi a gilashin tana zane, idonta na kan kujerar nan.

Da ƙofa ta buɗe Rodica ta wuce kicin ta kashe wuta, sannan ta jawo Floarea ciki. Tsohuwar ta zube a ƙasa ta rungume Ilinca, haƙoranta na haɗuwa. Rodica ta lulluɓa mata bargo ta tsoma ƙafafunta a ruwan ɗumi.

"Za ki gaya wa uwarta?"

"Zan gaya mata," in ji Floarea. "Amma bari in ji ɗumi tukuna."